Shafin da Inna Ta Manne

Ni Caradog Beynon na gonar Hafodlas nake rubuta wannan takarda da hannuna, yau Talata bakwai ga watan Maris, 1961. Ina cikin hankalina. Ban sha komai ba sai shayi, ba ni da zazzaɓi, ba kuma wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta. Da safen nan Likita Havard ya gwada ni, ya ce in lissafa masa gonakin da ke tsakanin nan da Brecon, na lissafa har da guda biyu da shi ya manta. Zai sa hannu a ƙasa. Na nace da shaidarsa ne don na san za a sami mai cewa tsohon ya riga ya taɓu kafin ya ɗauki alƙalami. Ban taɓu ba tukuna, amma abin yana hanya.

Idwal ɗana, Nesta 'yata, ku biyu Allah ya bar mini, da ku nake. Wasiyya sai an dawo daga maƙabarta ake buɗe ta, amma wannan ba za ta jira ba. Likita ya ce gangar jikina tana iya ƙara shekara goma, hankalin ne zai riga ta tafiya. Ga shi kuma ranar Alhamis ashirin da uku ga wata dattawan majami'ar Cwmbedw za su zauna su kori Nesta daga cikin jama'a, wai ta zama mashayiya. Nesta ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Na san abin da ke damunta, don daga wurina ta same shi. Idwal zai karanta wannan ranar Lahadi bayan sujada. Likita zai kai wa Nesta nata kwafin, ya zauna da ita har ta gama, kada ta karanta ita kaɗai.

Na farko, maganar sunanmu.

Kun san kakanninmu ba su da sunan gida. Mutum sunansa ne da na ubansa, wane ap wane, wato wane ɗan wane, shi ke nan. Da masu rajista suka zo daga Ingila suka ce kowane gida ya tsaya a kan suna ɗaya, sai kowa ya kama wanda ke kusa da shi. 'Ya'yan Einion suka zama Beynon, 'ya'yan Rosser suka zama Prosser. Einion kuwa a harshenmu ita ce uwar maƙera, kuma na cika muku kunne da wannan tun kuna ƙanana: a doke ta safe da yamma, ba ta motsi. Mu kaɗai ne Beynon a kwarin nan, na ɗauki hakan na ɗora a kai kamar ni na ƙera sunan.

Rosser shi kuma suna ne da ya yi kasuwa a zamaninsa. Kowane ƙauye da nasa Rosser, kowane Rosser da 'ya'yansa. In ka tsaya a kasuwar tumaki ta Brecon ka kira Prosser, mutum goma za su waiwayo, kuma da wuya ka sami biyu da suka haɗa kaka. Dole sai da inkiya: ga Prosser Madara, ga Prosser Akwati mai sassaƙa wa matattu, ga Prosser Amin da ke rigan mai wa'azi rufe addu'a. Na san duk wannan sarai. Sani daban, aiki da shi daban.

A cikin duk Prosser ɗin nan gida ɗaya ne ake tsoro, mutanen Penlan, can bayan tudu. Mutum zai tashi lafiya lau, ya yi aure, ya haifu. Yana kai arba'in sai yatsu su fara motsi su kaɗai, sai kafaɗa, sai tafiya ta koma ta wanda ya yi tatul. Harshe ya yi nauyi, zuciya ta yi kusa, daga ƙarshe mutum bai san 'ya'yansa ba. Muna ce musu Prosser masu rawa ba kiɗa. Ba mai ba su aure, ba mai karɓar nasu. Yau Penlan ko rufi babu, tumakina ne ke fakewa a ciki in ana ruwa.

Na biyu, abin da na yi wa Nesta. Ina so ya zauna a rubuce kamar yadda ya faru, don kada wani ya gyara mini shi bayan raina.

Shekara goma sha bakwai ke nan. Ta shigo da saurayi ranar Lahadi da la'asar, mahaƙin kwal, sanye da kwat ɗin aro, hula a hannu. Uwarku Gwenllian, Allah ya ji ƙanta, ta riga ta yanka burodi ta fito da kofunan baƙi.

Na ce, "Wane Prosser?"

Ya ce, "Trefor, Mista Beynon, daga Cwmbedw. In Penlan kake tunani, ko hanya ba mu haɗa da su ba. Mu daga bakin iyaka muka taso, kakana yana nan da ransa, shekararsa tamanin da huɗu, da kansa yake aske gemunsa."

Na ce, "Prosser dai Prosser ne. Ni makiyayi ne, yaro. Ragon da ban san asalinsa ba ba ya shiga garkena."

Nesta ta ce, "To ai ba rago na kawo maka ba, Baba. Mutum na kawo."

Gwenllian ta ce, "Caradog, ka ji tsoron Allah. Prosser nawa kake gaisawa da su duk ran kasuwa?"

Na ce gaisuwa daban, haɗa jini daban. Sannan na juya na faɗa wa 'yata maganar da yanzu take tashe ni tsaye in na tuna. Na ce, "In kika fita ƙofar nan da sunan nan, kada ki dawo mini da 'ya'ya masu rawa." Ta ɗauki mayafinta ta fita, shayin bai ko huce ba. Na sauko da babban Littafi Mai Tsarki na gidan nan, inda ake rubuta sunayen zuri'a, na ja layi a kan sunanta. Inna, kakarku, tana zaune a kujerarta bakin murhu tana saƙa safa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na uku, yadda na gane.

Bara, lokacin tsaga kunnen 'yan raguna, na ɓata alamar Hafodlas a kunnen wata tunkiya. Shekara hamsin ina wannan tsagar, ko da ido rufe. Na ɗora wa wuƙa laifi. Bayan wata biyu ina zagayawa da faifan kofunan jibin Ubangiji a majami'a, sai kofunan suka kama ƙara a hannuna har na layin baya suna ji. Na ɗora wa sanyi laifi. Da na fara tuntuɓe a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, na je wurin Likita Havard. Ya sa ni na miƙa hannu, na zaro harshe, na yi tafiya a kan layin darduma. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Wa ya taɓa yin irin wannan a gidanku?"

Na ce, "Babu. Mu Beynon ne."

Ya ce, "Ba sunanka na tambaye ka ba, Caradog."

Kun san shafuka biyun nan na farkon Littafin da suke manne da juna. Inna ta ce mana danshi ne ya haɗe su, muka yarda, don ba a yi wa Inna tambaya sau biyu. Na dawo gida na ɗora buta a wuta, na riƙe shafin a kan tururi. Ƙullun fulawa ne, ba danshi ba, ya kuwa buɗe ba gardama.

Ga abin da ke ciki. Wani mutum, Rosser ɗan Einion, ya haifi maza biyu a Penlan, daidai lokacin da ake tsayar da sunaye. Babban, Hywel, ya bi al'adar da, ya kira kansa da sunan ubansa, ya zama Prosser, ya zauna a Penlan. Ƙaramin, Dafydd, ya bi sabon yayi, ya riƙe sunan da ubansa ke ƙarewa da shi, ya zama Beynon, ya gangaro Hafodlas. Uwa ɗaya uba ɗaya, suna biyu. Dafydd shi ne kakan ubana. Mutanen da nake jifa da dutse ina yaro 'yan uwana ne na jini, kuma Trefor, da ya tsaya a ƙofata da hula a hannu, gaskiya ya faɗa: bai haɗa komai da su ba. Laifi tudu ne. Na san asalin kowace tunkiya a dutsen nan har kaka bakwai, nawa ne ban sani ba.

Na huɗu, ubana da Gwaggo Marged. An yi muku ƙarya a kansu, kuma da bakina aka yi, ko da yake ni ma haka aka ba ni.

An ce ubana Watcyn ambaliya ta ci shi a tafkin ƙasan gona yana ceton tunkiya. Ina ɗan shekara goma a lokacin. Da na zauna na yi tunani da kyau, sai na tuna babu ruwan sama a makon nan, ciyawa ma muke shanyawa. Na tuna yadda yake zama a kan hannayensa a majami'a. An ce Gwaggo Marged, ƙanwarsa, ta tafi aikatau London. Kafin London ɗin ta yi shekara biyu a ɗakin sama na baya, ana kai mata abinci a kwanon tasa, ni kuma an hana ni hawa. London ɗinta gidan mahaukata ne, a can ta mutu, ba wanda ya je.

A ƙasan shafin akwai rubutun Inna da fensir. "Watcyn, ya fara yana arba'in da ɗaya. Marged, talatin da tara. Ya Ubangiji, ka tsallake Caradog." Daga nan ta shafa ƙullu ta rufe.

Ta sani ke nan, ranar da take saƙa safa ina korar jikarta. Na yi kwana uku ina jin haushinta kamar in je in tone ta. Yanzu na huce. Bazawara ce da ɗa guda, ta ga abin da aka yi wa Penlan, ta ɗauka in ta rufe shafi abin zai manta da mu. Kada ku zage ta. Amma kada ku yi irin nata, don kun ga inda ya kai mu.

Na biyar, Nesta, da ke nake.

Na gan ki a Brecon a watan Janairu. Ke ba ki gan ni ba. Kina tsaye wajen mai ƙwai, kwandonki ya suɓuce, kika sunkuya kika ɗauka, ya sake suɓucewa. Na ga kafaɗarki ta hagu tana ɗagawa ita kaɗai. Hannun ubana na gani a jikinki, na kuma ga nawa. Wasu mata biyu suna kusa da ni, ɗaya ta taɓa ɗaya.

"Tun da hantsi haka?"

"Matar Trefor ce. An ce tun bara ta fara. Ya birkice gidan kaf bai ga inda take ɓoye kwalbar ba."

"Kuma 'yar dattijon majami'a. Allah ya kyauta."

Da na san ciwon kaina, da na tsallaka titin nan na kama hannunki. Bayan wata motar kaya na laɓe har kika wuce. Na ji kunyar abubuwa da yawa a rayuwata, amma babu kamar wannan.

'Yata, ba ki haukace ba, ba ki kuma yi wa Allah wani laifi ba. Ciwo ne, yana da suna a littafin likitoci, ba shi da magani. Yana bin jini, bai san rajista ba. Likita ya ce duk ɗan da mai shi ya haifa kamar an cilla kwabo ne sama, ko ya faɗo ta nan ko ta can, kuma ba a sani sai ya nuna. Ni ya yi mini jinkiri har na haura sittin, ke ya yi miki sammako. 'Ya'yanki uku, da ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, kwabonsu yana sama. Na ce kada ki dawo mini da masu rawa, alhali a jikinki na zuba miki ita tun ranar da aka haife ki.

Na shida, gona da abin da ke cikinta.

Hafodlas, da garken da ya san dutsensa, da alamar kunne, da karnuka biyu, na Idwal ne, bisa sharaɗi ɗaya. Ranar Alhamis ɗin da dattawan za su zauna zai ɗauke ni a mota, da Littafin, mu je Cwmbedw. Zai miƙe a gaban dattawa da jama'a ya karanta shafin, har da fensirin Inna. Ni zan tsaya kusa da shi, hannuwana a waje, kowa ya kalla ya ƙoshi. Da zan iya da na karanta da kaina, amma harshena yana sarƙewa in mutane sun yi yawa, sai su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, uban ma a buge yake. In Idwal ya ƙi, a sayar da gonar a kula da Nesta da abin da aka samu. Lauya ya riga ya rubuta hakan. Kada kuma a kawo mini uzurin tumaki suna haihuwa, maƙwabta za su duba su na wuni ɗaya.

Idwal, na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa mini a garke makon jiya. Ka ce, "Baba, ka bari a ɗaura auren Olwen tukuna. Wata biyu ne kacal. Nesta ta yi shekara sha bakwai ba mu, ta ƙara wata biyun nan mana. In maganar nan ta fita, wa zai ƙara auren Beynon?" Muryata na ji tana fitowa daga bakinka, ta kuwa ba ni tsoro. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Wannan gadon kam ka bar mini kayana.

Olwen 'yarka ce, jikata ce, na fi kowa son in ga aurenta. Amma ita za ta faɗa wa saurayinta da bakinta kafin Alhamis, kada ya tsinta a kasuwa. In ya tsaya, ta sami miji. In ya gudu, gara ya gudu yanzu da ya wayi gari nan da shekara ashirin yana binciken kwalba a ƙarƙashin gado. Shekararka arba'in, ɗana. Na san ka lura ina kallon hannunka in muna cin abinci. Ban ga komai ba har yau, kuma in ya tsallake ka ya tsallake Olwen. Addu'ar da Inna ta yi mini ita nake yi maka, sai dai ni a fili nake yin tawa.

Ɗakin ƙasa mai kallon rana na Nesta ne duk ranar da ta buƙace shi, da kabad ɗin tangaran na uwarta, da rabin abin da ulu ya kawo kowace shekara. Ɗakin sama na baya kuwa a cire masa ƙofa gaba ɗaya, a zuba dankali a ciki.

Na bakwai, Trefor. Ban taɓa kiranka surukina ba, yau na kira. Na bar maka sandar kiwon ubana da agogona, ko da yake na san ba su ne damuwarka ba. Ka daina neman kwalba, babu ita. Matarka za ta yi maka faɗan da ba halinta ba, za ta fasa maka kwanuka, wata rana za ta kira ka da sunan wani. Ka riƙe ta. Ranar nan da ka tsaya a ƙofata, kai ya kamata ka tambaye ni wane Beynon.

Na takwas, ni kaina, in abin ya ci ƙarfina. A kewaye tafkin ƙasan gona da waya kafin ƙarshen watan nan. Ba ni da niyyar bin sawun ubana, na faɗa na kuma sa hannu. Amma mutumin da zai zauna a cikin rigata nan da shekara uku ban san shi ba, ban kuma yarda da shi ba. In kun ga ya nufi gangare, ku riƙe shi. In ya zage ku, ba ubanku ba ne, ubanku shi ne wannan da ke rubutu. In ya ce a yaga takardar nan, kada a saurare shi. Kada a ɓoye ni in an yi baƙi. Ran Lahadi a zaunar da ni a kujerar da na saba a majami'a, in yi rawata a gaban Allah da mutane, har yaran kwarin nan su saba su daina dariya.

Na tara, dutsen kabarina. Kada a sassaƙa uwar maƙera, ko da na taɓa cewa a yi. A rubuta ni irin na da: Caradog ɗan Watcyn ɗan Lewis ɗan Dafydd ɗan Rosser, na Penlan da Hafodlas. Mai sassaƙa zai yi ƙorafin tsawo, a ƙyale shi ya yi. Kaburburan Penlan suna bayan majami'a ta wajen katanga, ƙaya ta cinye su. A share su duk shekara tare da namu. A nemo kuma inda aka binne Gwaggo Marged, ko lamba ce kawai a kai, a sa mata sunanta.

Abin da nake da shi ke nan. Ku biyu ne, kuma abin da ke tafe ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Wanda ya tsira a cikinku ya zama hannun wanda bai tsira ba, 'ya'yanku ma haka, Beynon ne ko Prosser, tsintsiya ɗaya ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na yanke nawa da lafiyarsa, ga ni ina nemansa da tsufa. Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku. Ya tsallake Idwal, ya tsallake Olwen, ya tsallake ukun nan na Cwmbedw da ko sunayensu sai a bakin mutane na ji. Wanda bai tsallake ba, ya ba shi mai riƙe masa kofi.

Nesta, ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba. Jiya na sauko da Littafin na mayar da sunanki a ƙasan layin da na ja. Na so in yi shi da kyau, na gwada sau huɗu a bayan ambulan kafin in taɓa shafin, duk da haka ya fito a karkace, tawada ta ɗiga a tsakiya. Ranar Alhamis za ki gani. Kada ki ɗauka ganganci ne. Za ki gane hannun, irin naki ne.

Caradog Beynon, Hafodlas.
A gabana ya sa hannu, yana cikin hankalinsa: G. Havard, likita.